Wace risiba mai Linux ta dace da mai son naɗar shirye-shirye a Kaduna?

Baban Khalifa, Unguwar Dosa

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu harkar dish. Shawara nake nema kafin in fitar da kuɗi. Ina so in koma risiba mai Linux, irin mai Enigma2, wato manhajar da ke tafiyar da irin waɗannan risibobi, saboda naɗi kawai: tafsirin azumi, tarawihin Makka, da wasu shirye-shiryen Hausa da ake sakawa lokacin da mutum yake wajen nema. Kuma ina so a ce ana naɗar wata tasha, iyali suna kallon wata ba tare da an katse ba.

Abin da ke kan rufi yanzu dish uku ne, masu kallon setilayit na digiri 16 gabas, 26 gabas da 7 yamma. An haɗe su da suwic na DiSEqC mai baki huɗu, wanda ke zaɓar dish ɗin da risiba za ta ɗauka, waya ɗaya ce ta sauko falo. Tashoshin kyauta nake kallo, ba ruwana da masu kati.

Wace ce za ta yi min tsakanin Octagon SF8008, Zgemma, Vu+ da Dreambox? Wane faifan ajiya zan haɗa mata, mai girman nawa? Sannan yaya ake yi da ɗauke wuta ana tsakiyar naɗi? Allah ya saka da alheri.

Injiniya Mai Dish, Tudun Wada

Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Kafin sunan kamfani, fara da ƙirga tiyuna, domin a nan mafi yawan masu saye suke yin asara. Tiyuna ita ce ɓangaren risiba mai kama sigina, kuma tiyuna ɗaya tiransifonda ɗaya, wato mita ɗaya mai ɗauke da gungun tashoshi, take kamawa a lokaci guda. Idan risibarka mai tiyuna ɗaya ce tana naɗar tashar Makka a 26 gabas, abin da za a iya kallo a falo shi ne tashoshin da suke cikin wannan tiransifondar kaɗai, sauran duk za su yi toka-toka a jerin tashoshi. Tunda ka ce iyali za su riƙa kallon wata, mai tiyuna biyu ta setilayit kake buƙata. Ka lura da kyau a kwali: wadda aka rubuta Twin ita ce mai tiyunar setilayit, wato DVB-S2X, guda biyu, wadda aka rubuta Combo kuwa ɗaya ce ta setilayit, ɗaya ta eriya. Ta eriyar ba za ta yi maka wani amfani sosai ba a nan, don yawancin abin da ke kan eriya, wato DVB-T2, a kulle yake, sai da dikodar masu shi.

Tiyuna biyu kuma ba ta cikakken aiki da waya ɗaya a tsari irin naka. Dalili: risiba ce take gaya wa LNB, wato kan da ke gaban dish mai karɓar sigina, abin da zai turo. Bolt 13 na nufin siginar tsaye (V), bolt 18 na nufin siginar kwance (H), sautin 22kHz kuma shi ke ɗaga shi daga ƙaramin zango mai 9750 zuwa babba mai 10600. Waya ɗaya ba za ta ɗauki bolt 13 da 18 a tare ba, kuma suwic ɗaya ba zai tsaya a baki biyu ba. Saboda haka a tsarinka ga abin da za ka ƙara: LNB uku masu baki biyu-biyu, suwic na biyu irin wanda kake da shi, ƙarin gajerun wayoyi uku daga LNB zuwa sabon suwic, su zama shida, da doguwar waya ta biyu zuwa falo. Ka jera bakunan iri ɗaya a duka biyun, in 16 gabas yana baki na 1 a suwic na farko, ya zama yana na 1 a na biyun. A cikin saitin tiyuna sai ka cika A, ita kuma B ka zaɓa mata Equal to. Kada ka zaɓi Loop through, wannan na wanda ya jona gajeriyar waya ne daga tiyuna zuwa tiyuna, kuma shi ne ke sa naɗi ya fito baƙi wuluk, fayil ɗin ba komai a ciki.

Game da injin kansa, ni SF8008 Twin zan nuna maka. Tana da furosesa Hisilicon Hi3798MV200, tana buɗe hoto mai tsarin matsi na H.265, tana kama tashoshin da ake turowa ta tsarin multistream da T2-MI, kuma binciken lalubenta, wato Blind Scan, neman tashoshi ba tare da an ba ta jerin mitoci ba, yana aiki da kyau. Wannan binciken ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu, domin fayil ɗin satellites.xml mai jerin setilayit da mitocinsu, wanda yake zuwa da imej, wato manhajar da ake ɗora wa risiba, an fi kula da ɓangaren Turai a cikinsa, mitocin da ake haskawa Afirka ta Yamma sau da yawa babu su ko sun tsufa. Ga shi tana ɗaukar imej har huɗu a lokaci guda, in ka lalata ɗaya da gwaje-gwaje sai ka tashi da wani. Rauninta shi ne ba ta da gurbin faifai a ciki, sai ta USB.

Tsofaffin nan irin DM800 da Vu+ Solo2 ka bar su ko da an yi maka araha. Ba sa buɗe H.265, za ka ji murya hoto babu. Kuma su ne aka fi yi wa jabu: kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, amma ranar da ka saka musu imej na asali sai su mutu a tambarin farko. Haka nan ba duk abin da aka rubuta wa Linux ne Enigma2 ba. Akwai masu Linux a rufe, ba ka iya canza musu komai. Gwajin mai sauƙi ne: ka shiga shafin OpenATV ko OpenPLi, masu yin imej, a wayarka tun kana gaban mai shago, ka nemi sunan samfurin harafi da harafi. In babu shi a jerin, ka ajiye.

Dreambox na yanzu inji ne mai kyau, kamfanin ne ma ya ƙirƙiro Enigma2 a Jamus, amma nasu tsarin DreamOS daban yake tafiya, fulogin ɗinsu ma, wato ƙananan manhajojin ƙari, ba irin na sauran ba ne. Ga mai farawa a Kaduna, inda in ka maƙale sai dai ka tambayi 'yan'uwa, gara ka bi hanyar da jama'a suka fi yawa.

Abu Hanifa, Malali

Injiniya ya gama magana a kan waya da tiyuna, ba abin ƙarawa. Inda na ɗan saɓa da shi, da girmamawa, shi ne zaɓin injin. Baban Khalifa ba farautar sababbin mitoci ya ce zai yi ba, naɗi ya ce, kullum, wata guda cur a azumi. Mai irin wannan buƙata faifai na ciki ya fi masa kwanciyar hankali. Zgemma H7S tana da DVB-S2X biyu da ta eriya ɗaya, da gurbin faifai mai inci 2.5 a cikinta, kuma furosesanta na Broadcom ne. Vu+ Uno 4K SE ma tana da gurbin, sai dai ta fi tsada.

Abin da ya sa na nace a kan na ciki: bakin USB 2.0 milli-amfiya 500 yake bayarwa, USB 3.0 kuma 900. Faifai mai inci 2.5 yana iya neman kusan amfiya ɗaya a daidai lokacin da zai fara juyawa. In bai samu ba za ka ji yana ƙas, ƙas, ƙas a hankali kamar agogon bango, risiba ta gan shi yanzu, an jima ta rasa shi. Mafi muni shi ne faifan ya yi barci da rana, lokacin naɗi ya zo da dare, ya kasa farkawa. In dai SF8008 ɗin ce ka saya, to ka saka faifan a bakin USB 3.0 mai launin shuɗi, da gajeriyar waya mai kauri, ko ka sayi gidan faifai mai adaftarsa daban, ko SSD wanda ba ya da abin juyawa. Filash kuwa kada ka mai da shi wurin naɗi na dindindin, musamman in za ka kunna timeshift, wato tsayar da shirin da ake haskawa a ci gaba daga baya, rubutu ba tsayawa yana kashe shi cikin ɗan lokaci.

Girman faifai lissafi ne, ba ra'ayi ba. Enigma2 ba ta matse hoto, abin da ya sauko daga sama shi take zubawa a faifai yadda yake. Ka ninka megabit na tashar da 0.45, ka samu gigabait a awa ɗaya. Tasha mai megabit 3 za ta ci wajen gigabait 1.35 a awa, mai HD da megabit 8 za ta ci 3.6. Ke nan terabait 1 zai ɗauki sama da awa 270 na HD ɗin. In kana ɗaukar awa huɗu kullum na kwana 30, awa 120 ke nan, ko duka HD ne bai kai rabin faifan ba. Terabait 1 ya ishe ka.

Da ka saka faifan, ka bar risibar ta yi masa fomat da kanta daga menu na Storage devices, za ta mai da shi ext4, ta ɗaura shi a /media/hdd, ta buɗe jakar movie. Komai da ke ciki zai goge, ka kwashe kayanka tukuna. Kada ka bar shi a FAT32: fayil ba ya wuce gigabait 4 a can, wato naɗin HD zai tsaya bayan awa ɗaya da 'yan mintuna. NTFS yana aiki amma yana wahalar da injin, kuma in wuta ta ɗauke yana cikin rubutu sai ya koma karatu kawai, sai an kai shi kwamfuta an gyara. Windows ba ta karanta ext4 kai tsaye, amma ba ka buƙatar cire faifan: ka jona risibar da rauta, ka rubuta lambar IP ɗinta a burauza, shafin risibar mai suna OpenWebif zai buɗe, daga nan ka sauke naɗin ko ka kalle shi da VLC. Fayil ɗin .ts shi ne hoton. Ƙananan da ke gefensa masu .ap da .sc da .cuts da .meta na tsallake gaba da baya ne da sunan shirin, in za ka kwafa zuwa wata risibar ka tafi da su tare.

Kalma ɗaya a kan Uno 4K SE, don masu shago suna son cewa tiyuna takwas gare ta. Gaskiya ne tiyunarta, irin da ake kira FBC, tana da masu kamawa takwas, amma bakin waya biyu ne. Ba za ka ci moriyar takwas ɗin sosai ba sai da LNB na Unicable, mai turo mitoci da yawa ta waya ɗaya. Da LNB na gama-gari, sauran shidan suna bin zango da ɓangaren da wayoyin biyu suke kai ne kawai. Kuma irin wannan tiyunar ba ta binciken lalube, sai ka shigar da mita da hannu. A dish uku masu suwic irin naka, kuɗin da za ka ƙara bai dawo maka da komai ba.

Malam Na Kawo

Ni wuta da agogo zan yi magana a kai, don ko wacce ka saya cikin biyun da suka ambata, a nan za ta ba ka kunya in ba ka shirya ba.

Fayil ɗin .ts yana da juriya. An yanka shi ne ƙanana-ƙanana, bait 188 kowane, saboda haka in wuta ta ɗauke, abin da aka riga aka rubuta zai buɗu har zuwa inda ya tsaya. Abin da ke lalacewa shi ne tsarin faifan da kuma abin da bai kai ga naɗuwa ba. Maganin shi ne kada risibar ta san an ɗauke wuta. Waɗannan injina bolt 12 suke ci, wat 10 zuwa 15 da faifai da LNB. In akwai inbata a gida, ka sa ta a layinta, magana ta ƙare. In babu, ƙaramin UPS na rauta mai fitar da bolt 12 ya isa, amma ka karanta bayansa: amfiyar da yake bayarwa ta kai abin da aka rubuta a adaftar risibar, yawanci 2 ko 3. Batir mai bolt 12, 7Ah, wat-awa 84 ne a takarda, rabinsa za ka ci in kana so ya yi ƙarko, wato wajen awa uku. Talabijin ba sai ta shiga ciki ba, naɗi ba ya buƙatarta. Kada ka jona risiba kai tsaye a kan batirin sola, lokacin caji yana haura bolt 14, ka sa abin daidaita wuta a tsakani.

Agogo kuma: yawancin waɗannan risibobi ba su da batirin riƙe lokaci. In ta mutu ta tashi, ba ta san ranar da take ba sai ta karɓa daga tiransifondar da take kai ko daga intanet. Wasu ƙananan tashoshi agogon da suke turowa ba daidai yake ba, sai ka ga naɗin ƙarfe tara ya tashi ƙarfe goma, ko bai tashi ba sam. Ka saita yankin lokaci a Africa/Lagos, sa'a ɗaya gaba da GMT. In akwai rauta kullum a kunne, ka zaɓi NTP, wato karɓar lokaci daga intanet, a wajen daidaita lokaci. In babu, ka sa tashar farawa ta zama babbar tasha wadda ka gwada agogonta ka ga daidai ne. Kuma ka bar injin a standby na gama-gari, ba deep standby ba.

Tashoshinmu da yawa ba sa turo jadawalin shirye-shirye, don haka da hannu za ka saka: menu na Timer, ka zaɓi tasha, ka sa repeated, ka zaɓi ranaku. Ka ba da rarar minti 5 a gaba da 15 a baya, ka san ba kasafai ake fara shiri a kan lokaci ba, tafsiri kuma yakan zarce. Tarawihin Makka ka tuna Saudiyya tana gabanmu da awa biyu.

In ka ga faifai ya fara ƙin rubutu bayan ɗauke wuta, shiga ta telnet ko SSH da sunan root, ka buga init 4 don tsayar da Enigma2, sai umount /media/hdd, sai fsck.ext4 -f /dev/sda1, in ya gama ka sake tayar da injin. Ka fara duba df -h don ka tabbatar sda1 ɗin ne faifanka. Tun ranar farko kuma ka buga passwd ka sa kalmar sirri, don wasu imej a buɗe suke zuwa, kuma kada ka buɗe baki na 80 da 8001 zuwa intanet a rautarka.

Zafin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu ma abokan gaba ne. Kada a ɗora ta kan wata na'ura ko a rufe ta da ƙyallen ado, a bar mata sarari ta sha iska, a riƙa busa ramukanta. Da damina in hadari ya haɗu da tsawa, a zare wayoyin dish da na wuta, tiyuna ce ke fara tafiya.

Baban Khalifa, Unguwar Dosa

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na fahimci batun waya ta biyu. Injiniya, ranka ya daɗe, in na canza LNB ukun zuwa masu baki biyu, sai an sake saita dish ɗin gaba ɗaya? Kuma wani ya ce min in bar suwic in sa injin juya dish ɗaya kawai, ya fi sauƙi. Wane imej kuma zan fara da shi?

Injiniya Mai Dish, Tudun Wada

Dish ɗin ba sai an taɓa shi ba, amma murɗin LNB sai an kula, kuma a nan Kaduna ba wasa ba ne. Muna wajen digiri 10.5 arewa, 7.4 gabas, kusa da tsakiyar duniya, shi ya sa dish ɗinmu suke kallon sama sosai: 16 gabas yana wajen digiri 74 a tsaye, 7 yamma wajen 69, 26 gabas wajen 65. Murɗin kuma babba ne, kusan digiri 39 a 16 gabas, kusan 60 a 26 gabas, 7 yamma kuwa wajen 53 amma ta ɗaya ɓangaren. Kafin ka cire tsohon, ka ja layi da maka a wuyansa da maƙallinsa, ka kuma auna nisan da ya shiga. Ka saka sabon a daidai nan, sannan ka murɗa kaɗan-kaɗan kana kallon SNR, wato ingancin sigina, ba AGC ba. AGC ƙarfi ne kawai, ko hayaniya ce zai nuna ta cika. LNB mai baki biyu ya ɗan fi nauyi, in hannun dish ɗin ya yi tsatsa zai iya sunkuyawa, ka duba.

Wayar da za ka ƙara ta zama RG6 mai jan ƙarfe zalla a tsakiya. Ka tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu: in ya manne wa zaren tsakiyar, baƙin ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe. Irin wannan a doguwar tafiya yana zubar da wuta, bolt 18 ya isa sama bai kai 16 ba, sai ka rasa tashoshin kwance kana zargin risiba. Wajen ɗaura kan F ka tabbata ko gashi ɗaya na ragar bai taɓa zaren tsakiya ba, kuma ka zare risibar daga wuta kafin ka ɗaura ko ka kwance, in ba haka ba suwic ne zai ƙone. Haɗin da ke waje a naɗe shi da tef mai hana ruwa, bakin suwic ya kalli ƙasa.

Injin juya dish bai dace da buƙatarka ba. Dish ɗaya wuri ɗaya yake kallo: yana naɗi a 26 gabas, ba mai kallon 16 gabas, ko tiyuna goma gare ka. Na masu farauta ne, kuma ko su sai sun duba cewa ma'aunin maƙallin ya sauko har digiri 10, don da yawa an ƙera su ne don ƙasashen da ke can arewa. Bakin suwic ɗinka na huɗu da ya rage ka ajiye shi, wata rana ka sa 28.2 gabas ko babban dish na C-band. In C-band ɗin ne, mitar LNB da za ka saka a saiti, wato LO, 5150 ce, kuma ka nemi LNB mai tace 5G, tunda an sayar wa kamfanonin waya zangon 3.5GHz tun Disambar 2021, zangon kuma yana maƙwabtaka da na C-band.

Imej ka fara da OpenATV in SF8008 ko H7S ce, yana da komai a menu. OpenPLi ya fi sauƙin nauyi in kana son abu mara tarkace. Daga OpenATV 7 zuwa sama Python 3 ake amfani da shi, don haka tsohon fulogin da ka tsinta a wani wuri zai iya jefa injin cikin sake tashi ba iyaka, ka tsaya kan waɗanda suke cikin menu na Plugins. Wajen sakawa, filash mai FAT32, gigabait 8 ko ƙasa ya fi karɓuwa, ka warware zip ɗin a kansa yadda yake ba tare da canza sunan jaka ba, kuma ka yi shi a kan UPS, don ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta imej ya fi komai haɗari. In ka gama jera tashoshi, ka kwafi jakar /etc/enigma2 da fayil ɗin /etc/tuxbox/satellites.xml zuwa kwamfuta. Sannan kafin azumi ka gwada: sa naɗin minti goma a 26 gabas, ka koma 16 gabas ka yi ta canza tasha tsakanin tsaye da kwance, ka zare filogin UPS daga bango yana cikin yi, ka buɗe fayil ɗin ka gani ko ya yanke.